Bugun da Baffa Ya Karɓa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sanusi ne, ɗalibi daga Madinat Nasr a Alƙahira. Makon jiya na ji wani yana cewa injin buga littattafai ya kashe albarkar karatu. Ban yarda ba, ga dalilina.

Baffana malamin zaure ne a garinmu. Littafin fiƙihu ɗaya gare shi, rubutun hannun kakanmu, ɗalibai na jiran juna su kwafa. Bara na aika masa bugaggu kwali guda. Sai ya aiko mini: "Layukan sun matse. Ina za mu sa fassara?" Ka san mu, ƙarƙashin kowace kalma muke rubuta Hausarta da ajami.

Na je wurin wani mai buga littattafai a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, na ce ya buɗa tsakanin layukan. Ya ce ɓarnar takarda ce. Na ce, "Ma'alish, ba komai, buga haka."

Yau kowane ɗalibi da nasa, har matan cikin gida. Jiya Baffa ya kira: "Sanusi, ƙaro mana."

Ina gaida abokaina na Hadayek el-Maadi. Mai cewa albarka ta tafi kuwa, ya je zauren Baffa, in ya samu wurin zama.