Fushin da Ya Ɓace a Hanyar Gaya

A ƙofar kotun alƙalin Gaya, Badaru ya zauna kusa da wani dattijo mai sayar da goro.

"Ƙara ka kawo, malam?" in ji dattijon.

"Daga Toranke na tako, Baba. Shanun maƙwabcina suka cinye min gyaɗa. Na fito ina huci, da na iso na nemi fushin na rasa."

"Ka koma gida mana."

"In na ga gonar zai dawo."

"To ka shiga."

"Da wane baki? Tausayin mutumin ma nake ji."

Dattijon ya girgiza kai. "Ka yi sa'a. Ni shekara tara ba na gaisawa da ƙanena."

"Me ya yi maka?"

Dattijon ya buɗe baki, ya daɗe yana juya goro a hannu. "Tsaya tukuna, in tuna."