Ku Je Ku Ga Ramin Alfari Kafin Ku Ɗaga Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan zama, kuma shugaban ƙungiyar masu gishiri, abokina Malam Sumana. Wakilin perfe, mai mulkin yankin Gaya. Sarakunanmu iyayen ƙasa. Limamai da malamai. Iyayena mata masu dafa gishiri, waɗanda hayaƙi ya ci idanunku kamar yadda ya ci na mahaifiyata. Jama'ar da kuka taso daga Bengu da Tanda da tungayen kwarin Foga: ina gaishe ku gaisuwar girma. Fofo, kamar yadda Badande ke gaisuwa. Da Hausa zan yi magana, harshen kasuwa, don Badande da Bafulatani da Bahaushe kowa ya ji daga bakina, ba daga bakin tafinta ba.

Na gode wa shugaba da ya ba ni minti goma, alhali ya san abin da zan faɗa ba zai yi masa daɗi ba. Na gode muku da kuka yi shiru, ko da yake na lura bancin da na taso daga kai na mutum shida ne, kuma ni kaɗai na zauna a kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Alfari ɗan Barira. Kolej na yi aji uku, na fita babu takardar birebe ta kammalawa. Da keke na fara kai gishiri Kamba da Malanbil. Yau kamyo huɗu gare ni, manyan motocin kaya, kuma babu mahaluƙin da ya ba ni ko taya ɗaya.

Kun san abin da ya tara mu. Wata babbar ƙasa, ta hannun kamfaninta, ta ce za ta girke mana masu tsaro da jirage marasa matuƙi su kore mana ƴan bindiga, mu kuma mu sakar mata fadamar gishirinmu shekara arba'in, ta haƙo wani ma'adini da ta ce yana kwance a ƙarƙashi. Bayan la'asar za a ɗaga hannu. An gaya mini mutum ɗaya ne zai ƙi, ni. To, magana uku gare ni.

Ta farko, kada wani ya ce ban san tsoro ba. Ran kasuwar da ta wuce, Iya Hafsatu, wadda ta yi shekara talatin tana dafa gishiri kusa da mahaifiyata, ta tare ni a gaban mutane ta ce, "Alhaji, kai katanga gare ka da ƙofar ƙarfe, mu zana gare mu. In sun zo, da girman kanka za mu rufe ƙofa?" Aka yi dariya. Iya, gaskiya kika faɗa. Amma Yunusa shoferna, mai tuƙa mini kamyo, wanda muka yi shekara goma sha ɗaya tare, da rana tsaka aka harbe shi a kan hanyar nan, da lodin gishirinku a bayansa. Ni na yi masa wanka. Ni na tsaya a ƙofar matarsa Nuriya na rasa ta inda zan fara. Na san tsoro, jama'a, na kuma san abin da yake sa mutum ya sayar.

Ta biyu, ni ba mai dogon karatu ba ne, amma na iya karatun hanya. Da mutanen kamfanin suka nuna mana taswira, na shiga motata na bi ta da kaina ina duban konta mai ƙirga nisa. Daga inda za su kafa sansaninsu zuwa inda za su haƙa, kilomet biyu. Daga sansanin zuwa tungar Iya Hafsatu, kilomet goma sha tara, ga gulbi a tsakani da mota ba ta ƙetarewa da damina. Na tambayi wakilinsu, in aka far wa tunga da ramin haƙa a lokaci guda, ina za ku fara zuwa? Ya yi murmushi, tafinta ya ce mini, "Ya ce ƙasarsa ba ta ba da kariya kyauta, kuma kowa inda ya zuba dukiyarsa yake fara tsarewa." Wallahi na ga girmansa, don bai yi mini ƙarya ba. Ramin za su tsare. Mu sai abin da ya rage.

Ta uku ita ce mai nauyi, ban taɓa faɗinta a gaban jama'a ba.

Kun san yadda iyayenmu ke aiki. Da rani su kankare fuskar ƙasa, tsawon yatsa ɗaya, su zuba a kwando, su tace da ruwa, su dafa. Baɗi su dawo su tarar ƙasar ta sake yin fari. Shekarar da na sayi kamyona na farko, kaina ya kumbura. Na ce me zai sa uwar Alfari ta yi ta tsugunno da ƴar fartanya? In akwai gishiri a sama, ai na ƙasa ya fi yawa. Na yi hayar katafila daga masu aikin hanya, na kai ta fegin mahaifiyata, wanda ta gada daga tata uwar. Ta tsaya a gefe da kwandonta a hannu ta ce, "Alfari, ni abin da na kankare bana, ina tarar da shi baɗi. Kai me za ka tarar?" Na ce, "Inna, ki koma inuwa, zamani ya canja."

Yini ɗaya aka yi ana haƙa. Ruwa ya ɓullo daga ƙasa ya cika ramin. Shekara goma sha takwas ke nan, wurin bai sake yin fari ba, ko sau ɗaya. Sai kore, sai kwaɗi, sai sauro. Inna ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Na gina mata gidan siminti a nan Gaya, ta ƙi zama. Ta koma tana roƙon maƙwabta su bar ta ta kankari gefen nasu. Iya Hafsatu, ke kika ba ta gefe, har ta rasu. Kun rufa mini asiri kuna kiran wurin Tafkin Barira. Ba sunansa ke nan ba. Ramin Alfari ne. Kowace Juma'a ina zuwa in tsaya a bakinsa ni kaɗai, in duba ko ya fara fari.

Katafila ɗaya ce wannan, yini ɗaya. Su ɗari za su kawo, shekara arba'in. Ran da suka gama za su naɗe tantinsu, su kwashe jiragensu, ƴan bindiga kuwa ba su sa hannu a wata takarda ba cewa za su tafi tare da su.

Wata uku ke nan, tun da na ce ban yarda ba, ba wanda ya zauna a ƙofar gidana. Ana dafa shayi, ya huce, a zubar. Sumana, tun muna tura keke a yashin Tanda muke tare. Yanzu in ka hango ni a masallaci sai ka canja sahu. Ban riƙe ka ba. Kai ma binne mutane kake yi, ka gaji.

Ba na ce ku bi ni ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kamyo biyu na nan waje, na cika su da man gazuwal. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, za mu riski la'asar. Ni zan tuƙa na gaba, a kujerar Yunusa. Ku je ku tsaya a bakin ramin, ku ɗebi ƙasar ku ɗanɗana, sannan ku dawo ku ɗaga hannu yadda kuka ga dama. In kuma babu mai shiga, ba komai, zan tafi. Na saba hanyar.

Allah Ya jiƙan Yunusa da Barira da duk wanda muka binne. Allah Ya tsare tungayenmu, na bakin hanya da na bayan gulbi. Allah Ya ba shugabanninmu basira, Ya sa ƴaƴanmu mata su tarar da abin kankarewa. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ina waje, mota na kunne.

Na gode.