Darasi na Biyu a Tashar Kakuri

Shekari, ma'aikacin masaƙa, yana jiran bas a tashar Kakuri ƙafa ba takalmi, sai cika wa wani baƙo baki yake.

"Jiya mai rufa-ido ya yi mana lacca, ya tona asirin 'yan wala-wala kaf! Ashe a hannun riga suke ɓoye jar kartar."

"To, Malam, ina takalmanka?"

"Ilimina na je gwadawa wurin wani ɗan wala-wala. Sai na tarar ɗan banzan singileti ya sa! Ba wannan ce cuta ba?"

"Ka gaya wa mai laccar?"

"Ya ce in dawo darasi na biyu."

Baƙon ya gyara zanen matarsa da ke ɗaure a ƙugunsa.

"Ni na yi na biyun. In za ka, sa wando biyu."