Bututun da Na Leƙa

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, da sunan Yesu Almasihu, wanda ya san abin da ke cikin kowace zuciya.

Sunana Iliya, mazaunin unguwar Maamobi. Na yi karatun allo ina yaro, hannuna kuma yana da kyau a ajami. Da wannan baiwa na zama maƙaryaci. Ina rubuta wa leburori layu, ta ƙarfe, ta maciji, ta wuta. Abin da nake rubutawa a ciki sunayen garuruwa ne, Yendi, Salaga, Kumasi, in naɗe, baduku ya ɗinke da fata. Ƙattai masu gemu suna karɓa da hannu biyu, ni kuwa ina raina su a zuci.

Shekarar da ƙasar nan ta sami 'yancin kai, wani kamfani ya ɗebe mu aikin wasan wuta a bakin teku. Muna binne bututan ƙarfe cikin rairayi, masu aikin suna ɗura musu ƙulli-ƙullin albarushi. Baturen aikin ya kafa doka: bututun da ya ƙi tashi, kada kowa ya kusance shi sai an cika shi da ruwa an jira. Helmanmu, wato shugaban leburori, Sanda, mutum mai baki da yawa, ya buga ɗamararsa inda layata take, ya ce dokar ta matsorata ce.

Aka yi wasa, manyan gari suka tafa suka tafi. Washegari da safe muna tono bututu, sai muka iske ɗaya bai tashi ba. Wani lebura ya ɗauki bokiti zai nufi teku. Sanda ya ce masa, "Ajiye. Wa zai jira ruwa, rana yana dukan mu? Ga mai asirin nan. Malam, leƙa mana ka gani ko ya mutu."

Leburori goma sha wani abu suka zuba mini ido, kowannensu da layata a jiki. Kalma ɗaya ta isa ta cece ni, in ce ƙarya nake yi muku. Amma na fi tsoron dariyarsu da wutar. Na gyara hula, na motsa leɓe kamar mai karanta wani abu, na taka bututun ya girgiza, na sunkuya.

Abin da na sani bayan wannan shi ne gadon asibiti, fuskata a naɗe, duhu ko'ina. Likita ya ce idon dama ya tafi, na hagu ba ya yi mini alkawari.

Sanda ya zo. Bai tambayi jikina ba. Ya raɗa mini a kunne, "Malam, laya naka yana aiki. Ina tsaye kusa, ko gashi ɗaya bai ƙone ba. In ka tashi ka yi wa ƙanena." Wawa ya ga mai layar a makance, bai fahimci komai ba. Amma wawan da ya fi shi yana kwance a gadon.

Akwai wani tsoho mai sharar ɗakin, Baba Yakubu, Kirista. Kullum yakan tsaya ya ce, "Ɗana, in yi maka addu'a?" Nakan kore shi. Ran nan na riƙe hannunsa, na faɗa masa abin da ke cikin layun, duka. Bai yi dariya ba. Ya durƙusa da tsintsiyarsa a gefe, ya ce, "Yesu, ga shi ya daina ɓoyo. Ka duba shi." Na yi kuka har bandejin ya jiƙe, na ce Ubangiji, ko ka bar ni a duhu, na gama da ƙarya.

Bayan mako uku aka kwance mini fuska. Na ga haske, sannan taga, sannan wani gajeren tsoho da ban taɓa gani ba yana murmushi. Haleluya!

Na bi unguwar Nima, maƙwabciyar tamu, gida gida ina faɗa wa mutane su farke layunsu su ba mai karatu ya karanta musu. Waɗansu sun zage ni, Sanda ya ƙi farke tasa har yau.

Na gode wa Allah da ya bar mini ido ɗaya, da shi na rubuta wannan. 'Yan'uwa, wanda ke tsaye gaban nasa bututun saboda kunyar mutane, ya ja da baya, ya faɗi gaskiya, ya dogara ga Yesu. Amin.