Tasoshin Yaya Zainabu

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Daga Salaga nake rubutowa, fataucin doya nake yi.

Wata rana na tarar da kabad ɗin yayata Zainabu wayam. Ashe tasoshin aurenta ta sayar, ta sayi hannun jari ta waya. Na ce, "Yaya, abin da ba a gani, ba a taɓawa, shi ne dukiya?"

Bana motar doyata ta lalace a hanyar Yendi, kaya suka ruɓe. Da ribar jarin nan ta tayar da ni.

Yanzu kowace Juma'a matan unguwa kan cika ɗakinta tana koya musu, ni ina bakin ƙofa ina saurare. Ku gaishe min da ita, ku roƙe ta ta ba ni wurin zama.