Kunun Kanwa Ya Kusa Kashe Ni

'Yan'uwa, gaisuwa cikin sunan Yesu. Kun san ni, Tabawa dillaliya. Daga nan har Tudun Wada babu gidan da ban shiga da tallar zane ba, kuma ba na ɓoye magana. Yau raina a ɓace yake.

Bara waccan na haifi autana. Aka sa ni wankan jego da tafasasshen ruwa, a kwantar da ni a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, a ɗura mini kunun kanwa. Kafin arba'in ƙafafuna sun kumbura. In na kwanta numfashi ya sarƙe, sai a zaune nake barci.

Na ce wa uwar mijina, "Inna, kunun nan ba ya karɓata."

Ta ce, "Sanyi ne ya shige ki, 'yar nan. Mu da me muka warke? A ƙara mata kanwa."

Aka ƙara kanwa, aka ƙara wuta. Ina mutuwa, ana yi mini sannu.

Ranar da na kasa ɗaga jaririna na ce, "Yesu, ban saba roƙon kowa ba. Kai nake roƙo. Yaron nan ba shi da nono sai nawa." Da aka miƙo ƙwaryar kunu na ture ta, na ce wa maigida ya ɗora ni a jaki ko ya nemo masu haƙa kabari.

A asibitin mishan aka ce zuciyata ce ta gaji, kanwa da gishiri sun tara mini ruwa a jiki. Aka hana ni su, aka yi mini allura. Ubangiji ya tashe ni.

Ni da nake shiga gidaje, na san masu jego nawa aka binne a kumbure, aka ce kwana ne ya ƙare.

Jiya na leƙa Ladi matar Bulus, mai jego. Fuskarta ta kumbura, tana haki. Kanwar da ake dama mata kuwa matan da ke zaune a nan ne suka kai gudummawa.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Ku dogara gare shi, ku daina dafa 'ya'yan mutane. Ana tashi daga sujadar nan zan kai Ladi asibiti. Wadda za ta hana, ta miƙe yanzu ta faɗa a gaban jama'a.