Gajerar Dawar da Na Raina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka tare da masu saurare. Ni manomi ne daga Kontagora.

Bara malaman gona suka kawo mana sabon irin dawa, suka ce an inganta shi don ya ƙara wa yara jini. Da na ji gajera ce, na ce ba na so. Mu da karan dawa muke yin darni, me zan yi da kara iya ƙugu? Na miƙa wa ƙanena Sule rabona, har da ce masa, "Je ka shuka wa kaji."

Wallahi tawa ba ta ko fid da kai ba ya girbe tasa. Muna awo a kasuwa, su suna tuƙa tuwon sabuwar dawa. 'Ya'yansa sun yi kumatu, matata kuma kullum sai ta tuna mini. Yanzu gaisuwarsa ma da ƙyar nake amsawa, Allah Ya yafe mini.

Darnina ya fi na kowa tsayi, kuma ta jikinsa nake leƙen rumbun Sule. Damina ta matso, jama'a ku ba ni shawara: da wane baki zan roƙi ƙanena abincin kaji?